Na Bar Zumuntar Mata Don In Bauta wa Allah Ni Kaɗai: Ko Na Yi Laifi?

Mama, ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 11 a zumuntar mata ta ikilisiyarmu, kuma a shekara shida daga ciki ni ce ma'aji. Bara, ana gab da zaɓen shugabanni, wata 'yar'uwa wadda muka daɗe muna durƙusawa tare, wadda ta san sirrin gidana ni ma na san nata, ta tashi a gaban taro ta ce lissafin kuɗin taimakon gwauraye bai cika ba. Da aka bincika sai aka ga rasit biyu ne ban shigar a littafi ba, amma ko sisi bai ɓace ba. Kafin a gama binciken an riga an yi zaɓe, ita ta zama uwar zumunta, kuma har yau ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Zumuntarmu ta rabu gida biyu, akwai nata, akwai waɗanda suke cewa su nawa ne, suna kuma zuwa gidana su ba ni labarin abin da ake yi. Wata takwas ke nan da na daina zuwa. Na ce zan zama kamar Maryamu wadda ta zauna a ƙafafun Yesu, in ba Allah dukan zuciyata ba tare da hayaniyar mata ba. Ina tashi da asuba in yi addu'a, ina karatu, ina azumi fiye da dā. Amma ranar Lahadi idan na gan ta a gaba tana ba da waƙa, zuciyata tafasa take yi, har sau biyu na kasa cin jibin Ubangiji. Mama, laifi ne in bauta wa Allah ni kaɗai?

'Yar'uwata a cikin Almasihu, alheri da salama su tabbata a gare ki. Kafin in ce komai game da abin da ya kamata ki yi, ina so ki ji daga bakina cewa an yi miki ba daidai ba. Wadda take da tambaya a kan lissafi, kuma tana da hanyar shiga ɗakinki ba tare da sallama mai tsawo ba, ba ta da hujjar kai tambayar gaban taro kafin ta kawo miki ita, balle a lokacin da kowa ya san maganar za ta yi tasiri a kan zaɓe. Ta kwance miki zane a kasuwa, kuma da gaskiya ta fito ba ta dawo ta ɗaura miki ba. Ciwon da kike ji na gaske ne, kuma duk wanda ya ce miki ki manta kawai, ai ya wuce, bai taɓa sanin abin da ake ji idan aka shafa wa mutum kashin kaji a gidan Allah ba.

Tambayar da kika yi kuwa, amsarta tana cikin wasiƙarki. Kin ce kin koma gida domin ki ba Allah dukan zuciyarki, sa'an nan kika ce ganin mace ɗaya a gaban ikilisiya yana hana ki miƙa hannu ki karɓi gurasa da ƙoƙo. Zuciyar da take haka ba ta zama ta Allah dukanta ba tukuna, domin akwai ɗaki guda a cikinta da kika kulle, kuma wannan 'yar'uwa ce take zaune a ciki. Kin bar zumunta, amma kin tafi da ita gida, tana tare da ke a addu'ar asuba, tana tare da ke a azumi. Ba na shakkar cewa addu'arki ta ƙaru, ba na kuma raina ta, sai dai ina tsoron kada ta zama katangar da kike ɓuya a bayanta, maimakon ƙofar da Allah zai shigo ya taɓa wurin da yake ciwo. A Zabura 86:11 Dawuda ya roƙi Allah ya haɗa masa zuciyarsa ta zama ɗaya domin ya ji tsoron sunansa. Mutum ba ya yin irin wannan roƙo sai ya gane cewa zuciyarsa a rarrabe take, kuma ya gane cewa shi da kansa ba zai iya ɗinke ta ba. Ina ganin wannan ce addu'ar da ta dace da ke a wannan lokaci, fiye da ƙarin kwanakin azumi.

Game da Maryamu da kika ɗauka abin koyi, ki sake buɗe Luka 10:38-42 ki karanta a hankali. Maryamu ba ta bar gida ta tafi wani wuri don ta huta da halin 'yar'uwarta Marta ba. A cikin gida ɗaya suke, Marta tana gunaguni a kanta a gaban baƙo, ita kuwa tana zaune tana sauraro. Yesu bai tsawata wa Marta don ta yi hidima ba, ya nuna mata ne cewa damuwa da abubuwa masu yawa ta raba mata hankali. Bayan haka, a Yohanna sura 11, da ɗan'uwansu Li'azaru ya kwanta ciwo a Betanya, su biyun ne suka aika wa Yesu saƙo da murya ɗaya, kuma Marta ce ta je ta kira Maryamu a asirce ta ce mata Malam ya zo, yana kiranta. A sura 12 kuma za ki same su a wurin cin abinci guda, Marta tana hidima kamar yadda ta saba, Maryamu tana zuba wa ƙafafun Yesu turare. Halinsu bai taɓa zama ɗaya ba, amma babu inda aka rubuta cewa ɗaya ta zaɓi rabo mai kyau ta wurin yanke hulɗa da ɗayar.

Akwai wasu mata biyu da nake so ki sani sosai, domin labarinsu ya fi kama da naki. Ikilisiyar Filibi, a ƙasar Makidoniya, a hannun mata ta fara. Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus da abokan tafiyarsa suka isa birnin, kuma a ranar Asabar suka fita bayan gari zuwa bakin kogi inda suka sami mata sun taru don addu'a. A cikinsu akwai Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya daga Tayatira, wadda Ubangiji ya buɗe zuciyarta, aka yi mata baftisma da mutanen gidanta, gidanta kuma ya zama masaukin masu bi, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 16. Shekaru bayan haka, Bulus yana ɗaure a kurkuku, ya rubuta wa wannan ikilisiya wasiƙa mai cike da farin ciki, amma a sura 4, aya 2 da 3, ya tsaya ya kira mata biyu da sunansu, Afodiya da Sintiki, ya roƙe su su zama da nufi ɗaya a cikin Ubangiji. A wancan zamani ana karanta irin wannan wasiƙa ne da murya a gaban dukan masu bi, don haka ki kwatanta yadda matan nan biyu suka ji sa'ad da mai karatu ya iso kan sunayensu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Bulus bai faɗa ba. Bai gaya mana abin da ya haɗa su ba, bai kuma ce wance ce mai gaskiya ba, ko da yake da wuya a ce labarin bai kai masa dalla-dalla ba. Ya maimaita kalmar roƙo sau biyu, ɗaya ga kowacce, don kada wata ta ce da ɗayar ake. Bai kira su masu fitina ko raunanan masu bi ba, ya shaida cewa sun yi fama tare da shi a aikin bishara, kuma sunayensu suna cikin littafin rai. Wato mata ne irinki da irin uwar zumuntarku, masu himma, waɗanda ikilisiya take jingina da su, kuma daidai saboda haka ne saɓaninsu ya zama abin da manzo zai damu da shi daga kurkuku. Idan mata biyu da ba kowa ya san su ba suka ɓata, abin yakan tsaya a tsakaninsu, amma idan ginshiƙai biyu suka juya wa juna baya, rufin kowa ne yake tsagewa. Bai kuma bar su su kaɗai ba, ya roƙi wani amintaccen abokin aikinsa a can ya taimake su. Kalmomin da ya yi amfani da su a kansu su ne waɗanda ya riga ya yi amfani da su a sura 2, inda ya roƙi dukan ikilisiya su zama da nufi ɗaya, sa'an nan ya nuna musu Almasihu wanda bai riƙe daidaitarsa da Allah kam-kam ba, amma ya ƙasƙantar da kansa har ga mutuwa a kan gicciye. Ke kina riƙe da abu guda wanda hakkinki ne, wato a ba ki haƙuri kafin ki motsa. Ba na cewa ba hakkinki ba ne, amma sura 2 ta Filibiyawa labarin wanda ya saki hakkinsa ne tun kafin kowa ya nemi gafararsa.

Na san abin da za ki ce, cewa ita ce ta yi laifi, don haka ita ya kamata ta zo. Yesu ya toshe wannan hanya ta gaba da ta baya. A Matiyu 5:23-24 ya ce idan kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan ka je ku shirya tukuna. A Matiyu 18:15 kuma ya ce idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka nuna masa laifinsa tsakaninku biyu kaɗai. Ko kai ne ka yi, ko kai aka yi wa, umarnin ɗaya ne, ka je. Ki lura kuma cewa a Galili ya yi maganar farko, bagaden kuwa yana Urushalima, tafiyar kwanaki a ƙafa, don haka waɗanda suka ji shi sun fahimci cewa ba ƙaramar ɗawainiya yake ɗora musu ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma a wannan karon ƙafarki ce.

Ga yadda nake ba ki shawara ki yi. Kada ki rubuta mata saƙo a waya ki zuba abin da yake ranki, domin rubutu ba ya ɗauke da murya, kuma abin da aka rubuta ana iya nuna wa wasu. Ki nemi ta ba ki lokaci ku zauna ku biyu, a wurin da ba naki ba ne ba nata ba, kuma ba ranar Lahadi bayan sujada ba, lokacin da idanu suke kanku. Ki fara da abin da yake naki. Rasit biyu da ba ki shigar ba kuskure ne, ƙarami ne amma naki ne, kuma ma'ajin da ta riƙe kuɗin gwauraye ba ta rasa komai idan ta ce na yi sakaci a nan. Bayan haka ki gaya mata, ba tare da kewaye-kewaye ba, cewa da ta zo miki a ɗaki da kin buɗe mata littafin, cewa abin da ta yi a gaban taro ya zubar miki da mutunci, kuma shirun da ta yi bayan an wanke ki ya fi maganar kanta zafi. Ki tsaya a kan abin da ta aikata da abin da ya jawo miki. Kada ki ce mata ta yi ne don ta ci zaɓe, ko da zuciyarki ta gama yanke wannan hukunci, domin niyya Allah ne kaɗai yake ganinta, kuma da zarar kin zarge ta a kan niyya za ta daina sauraro ta fara kāre kanta. Mai yiwuwa ne ki tarar ita ma wata takwas ke nan tana fama da kunya, ta rasa ta inda za ta fara, tana kuma fassara ƙauracewarki da cewa kin rufe ƙofa. Sau da yawa wanda ya yi laifi yakan fi wanda aka yi wa tsoron haɗuwa.

Idan ta ƙi saurara, Matiyu 18:16 ya ce ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu. A nan ki yi hattara wajen zaɓe. Kada ki ɗauko daga cikin waɗanda suke cewa su naki ne. Ki nemi dattijuwa wadda ku biyun kuke jin nauyinta, irin waɗanda Titus 2:3-5 ya kwatanta, masu tsoron Allah, waɗanda ba masu yanke ba ne, masu koyar da abin da yake nagari. Idan babu irinta a cikin zumunta wadda ba ta riga ta ɗauki ɓangare ba, sai ki je wurin fasto ko dattawan ikilisiya, ki ce musu kina neman sulhu ne, ba ƙara kika kawo ba.

Yanzu bari in taɓa wurin da watakila ba za ki so ba, wato matan da suke zuwa gidanki da labari. Na yarda suna ƙaunarki, wasunsu ma sun tsaya miki a ranar da kika fi bukata. Amma kowace ziyara da ta ƙare da an ce, ta ce, sun ce, itace ne ake ƙara wa wutar da kike roƙon Allah ya kashe da asuba. Karin Magana 26:20 ya faɗa a fili cewa inda babu itace wuta takan mutu, inda kuma babu mai tsegumi faɗa yakan kwanta. Kina ganin kin janye daga rigima, alhali kuwa falonki ya zama hedikwatar ɓangare guda, kuma shirunki ya zama tutar da suke ɗagawa. Sa'ad da mutanen gidan Kuluwi suka kai wa Bulus labarin cewa a Korinti wasu suna cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos, wasu na Kefas, wato Bitrus, bai ji daɗin cewa yana da magoya baya ba, ya tambaye su ko Bulus ne aka gicciye dominsu. Ke ma ki gaya wa naki haka, da taushin murya amma ba da wasa ba: ki gode musu, ki ce daga yau ba a kawo miki maganar wance sai in za a durƙusa a yi mata addu'a, kuma ki roƙe su su koma su ba shugabancin da aka zaɓa haɗin kai. Wannan kaɗai zai iya rage rabin tsagewar tun kafin ki ga uwar zumunta ido da ido.

Haɗin kai kuma ba ya nufin a binne gaskiya, kuma ba na so ki fahimce ni haka. An zarge ki a gaban taro, don haka daidai ne a sanar a gaban taron nan cewa bincike ya nuna kuɗi bai ɓace ba, kuma neman wannan ba girman kai ba ne. Ki bar shi ya fito ta hannun masu sulhu, kada ki sa shi ya zama sharaɗin gafartawarki. Akwai kuma gyaran da zumuntarku take bukata wanda ya wuce ku biyu. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon gwauraye ne, Yahudawa masu jin Helenanci suna cewa ana ƙyale nasu. Manzanni ba su ce a yi shiru don a kiyaye zumunci ba, sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. Bulus kansa, da yake tattara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya tabbatar akwai waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa su yi rakiyar kuɗin, kuma a 2 Korintiyawa 8:20-21 ya ba da dalili, cewa yana so a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Shekara shida kina riƙe da kuɗi da littafi ke kaɗai, kuma wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora wa mace ɗaya ba, komai amincinta. Ki ba da shawara mutum biyu su riƙa ƙirga baiko su sa hannu tare, a riƙa karanta lissafi a gaban mata a kan kari, kuma duk mai tambaya ta fara kai ta ga kwamiti. Idan shawarar ta fito daga bakin wadda aka taɓa zarga, babu wanda zai ce da wata manufa aka kawo ta.

Ba zan yi miki alkawarin cewa za ku koma yadda kuke a dā ba. Gafara abu ne da kike bayarwa domin Almasihu ya gafarta miki, amma amana a hankali take sake tsirowa, kuma ba dole ba ne ki sake buɗe mata sirrin gidanki gobe. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka rabu, kowa ya kama hanyarsa, sai bayan shekaru muka ji Bulus yana cewa a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi. Romawa 12:18 ma ya san iyakar ɗan adam, shi ya sa ya ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da yake hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa. Abin da yake hannunki shi ne tafiyar, da gaskiyar da za ki faɗa, da kujerarki a zumunta wadda ta yi wata takwas babu kowa a kai. Abin da za ta amsa ba ya hannunki, kuma ba za a tambaye ki shi ba.

Ki ci gaba da tashin asuba, kada ki rage ko minti ɗaya, sai dai daga gobe ki sa sunanta a cikin addu'ar, ki roƙa mata abin da kike roƙa wa kanki, ko da da farko bakinki ne kawai yake faɗa zuciyarki tana ja da baya. Ki koma taron zumunta na gaba ba tare da jiran a gama sulhu ba, ki zauna a cikin mata ba a kujerar baya ba, kuma idan aka ta da waƙa ki amsa ko da ita ce take bayarwa. Game da jibin Ubangiji, ki je ki gaya wa fastonku abin da ya sa kika janye hannu sau biyu, domin ba abin da za ki ci gaba da ɗauka ke kaɗai ba ne. Ki nemi ganawar nan da ita kafin jibi na gaba, kuma idan kun zauna, ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.